Tono tarihin rukunin gidaje: ta ina ake farawa, kuma maganar wa za a ɗauka?

Nafisa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Idan mutum yana son haɗa tarihin rukunin gidaje, irin waɗanda hukuma ko kamfani ke zanawa a gina su iri ɗaya, tun wurin yana fili har zuwa yau, ya kuma haɗa da abin da waɗanda suka yi yarinta a ciki suke tunawa, ta ina zai fara? Tsofaffi zai fara bi ko ofisoshi? Tambayar da ta fi kowacce sauƙi ma, wato shekarar da aka gina wurin, sai mutum uku su ba ka amsa uku.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Amsa ukun nan mai yiwuwa duk gaskiya ne. Akwai shekarar da aka karɓi filin, akwai wadda aka ba da kwangila, akwai wadda mutanen farko suka tare, sannan akwai ranar da wani babba ya zo ya buɗe wurin a hukumance. Wannan ta ƙarshe ita ake rubutawa a allon dutse, kuma ita ce ta fi ruɗa mutane, domin wani lokaci sai an shekara a ciki ake bikin, wani lokaci kuma ana yi tun ba a sa tagogi ba. Ga kuma gini kashi-kashi. Unguwar Becontree da ke gabashin Landan an fara ta a 1921, ba a gama ba sai 1935, gidaje wajen 26,000. Wanda iyayensa suka tare da fari zai ce miki gonaki ne a bayan gidansu, wanda nasa suka zo bayan shekara goma zai rantse babu gona a wurin. Babu maƙaryaci a cikinsu.

Don haka ki buɗe jadawali mai layi huɗu na waɗannan shekaru, kowane kashi na ginin da nasa.

Takardun kuwa, ki fara da wanda ya gina. Idan hukumar gidaje ce ko ƙaramar hukuma, abin nema shi ne rubutaccen bayanin zaman kwamitin gidaje, da fayil ɗin karɓar fili da biyan diyya, da zanen tsarin unguwar da aka amince da shi, da rajistar rabon gidaje, da littafin haya. Fayil ɗin diyya ya fi duk sauran daɗin karatu, don shi ne zai gaya miki su wa ke wurin kafin a gina, da abin da suke nomawa, da itatuwa da rijiyoyin da aka ƙirga. Idan kamfani ne ya gina wa ma'aikatansa, irin kamfanin jirgin ƙasa ko masaƙa ko ma'adinai, takardun suna sashen ma'aikata, domin daga albashi ake cire haya.

Kada ki shiga ofis ki ce kina neman tarihi. Za a ce babu, kuma ba rowa ba ce, babu wata durowa da aka rubuta wa tarihi. Ki je da lambar fuloti, ko lambar zane, ko sunan aikin yadda yake a takarda.

Usman:
Malam, ai nan gizo ke saƙar. Wa ya san sunan aikin a takarda? Mutane da sunan da suka laƙaba wa wurin suke kiransa, sunan ɗan kwangila ko launin fentin farko ko adadin gidajen.

Malam Habibu:
Haka ne Malam Usman. Hanyar samunsa ita ce takardun da ke cikin akwatin mutane, ba na ofis ba. Takardar ba da gida, rasit ɗin haya, tsohuwar takardar kuɗin ruwa ko ta wuta. A saman takardar ba da gida akwai lambar fayil, galibi haruffa da lambobi da aka raba da karan tsaye. Wannan lambar ita ce mabuɗi. Ki samu irinta guda biyar daga gidaje daban-daban, za ki ga ɓangaren da bai canzawa, shi ne lambar aikin gaba ɗaya, wanda ke canzawa kuma na kowane gida ne.

Sai jaridu. Kada ki tsaya kan labarai kawai, ki duba shafukan talla na baya. Tallan neman 'yan kwangila yakan faɗi adadin gidaje da yawan ɗakuna da ranar rufe karɓar takardu. Da shi za ki san ba a fara gini kafin wannan rana ba.

Ƙidayar jama'a kuma kada a sa mata rai da yawa. Bayanin gida-gida ana rufe shi shekaru masu yawa. A Birtaniya shekara 100 ne, shi ya sa sai a 2022 aka saki na 1921, na Ingila da Wales na 1931 ya ƙone a gobara a 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. A Amurka shekara 72 ne, na 1950 ya fito a 2022. Yawancin rukunin gidaje sun fi wannan ƙuruciya. Rajistar masu zaɓe da rajistar shiga makarantar firamare ta unguwar sun fi amfani. Ta makaranta tana da ranar shiga da adireshi da makarantar da yaro ya baro, wato tana nuna daga ina mutane suka taso.

Safiyo Lawal:
Ni kam ina ganin kafin ofis da kafin tsofaffi, a fara da kallon wurin daga sama, don ba ya buƙatar izinin kowa.

A sauke Google Earth Pro na kwamfuta. Akwai alamar agogo a sama, idan an danna ta sai sandar shekaru ta fito. A yawancin wurare hoto mai kaifi bai wuce farkon shekarun 2000 ba. Abin da za a gani na shekarun 1980 na tauraron ɗan'adam na Landsat ne, kowane ɗigo a cikinsa mita 30 ne a ƙasa, na farkon da aka harba a 1972 ma wajen mita 80. Gida ba zai fito ba. Iyakarsa a ga inda daji ya koma fari-fari, alamar an share fili.

Wanda ke neman shekarun 1960 da 1970 sai ya je shafin EarthExplorer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, ya yi rajista, ya zana wurin da yake so, ya zaɓi sashen hotunan da aka cire wa sirri. Nan hotunan tauraron leƙen asiri na Corona suke, waɗanda aka ɗauka daga 1960 zuwa 1972, aka sake su a 1995, sama da 860,000. Mafi kaifinsu yana nuna abu mai faɗin kusan mita 2, don haka layin gidaje da tituna suna fitowa sarai. Na Hexagon da suka biyo baya daga 1971 sun fi su kaifi. Wanda aka riga aka yi wa sikanin kyauta ne, wanda ba a yi ba sai an biya. Matsalarsu biyu: gajimare, da kuma karkata. Kyamarar lilo take yi tana ɗaukar doguwar tsiri, saboda haka tsakiyar hoton daidai ne, gefensa a miƙe yake kamar an ja roba. A zaɓi hoton da unguwar ta faɗo kusa da tsakiya.

Ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulki, akwai hotunan jirgin sama na hukumar safiyonta ta ƙetare da aka kafa a 1946, yanzu suna ma'adanar NCAP a Edinbara. Faransa ma hukumar taswirarta ta IGN ta sa tsofaffin hotunan sama na ƙasar a intanet.

Taswirar takarda kuma a lura da ma'auni. A mai 1:50,000, santimita ɗaya mita 500 ce, gida mai faɗin mita 10 bai kai rabin milimita ba, sai dai a shafe unguwar da launi ɗaya. A mai 1:2,500 gidan nan milimita 4 ne, a mai 1:1,250 milimita 8, har bayan gida da kwata za a gani. Waɗannan ake nema.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne shekarar da ke gefen taswira. Akan rubuta shekarar awo, da ta gyara, da ta bugu. Ta awo ce ke aiki. Taswirar da aka buga a 1975 tana iya zama awon 1962 ce, sai mutum ya ce ba a gina unguwar ba sai bayan 1975, alhali ana ciki tuni. Akasin haka ma yana faruwa: zanen tsarin unguwa yana nuna abin da aka yi niyya ne. Kasuwa da asibiti da filin wasan da ke kansa mai yiwuwa ba a taɓa aza musu bulo ɗaya ba.

Nafisa:
Yallaɓai Safiyo, to idan an samu tsohon hoton, yaya za a gane wane gida ne wane, tunda ba suna a jiki?

Safiyo Lawal:
Ɗora shi ake yi a kan na yau. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, tana da sashen da ke wannan aikin, ko kuma shafin Map Warper ga wanda ba ya son sauke manhaja. Za ki nuna wuri ɗaya a tsohon hoton, ki nuna shi a sabo, manhajar ta daidaita su. Wuri uku ne mafi ƙaranci, amma uku ba sa isa ga hoton da ya karkata. Ki sa takwas zuwa goma, a warwatse har kusurwoyi huɗu. Idan kika tara su gefe ɗaya, ɗaya gefen zai zame da mita hamsin ba ki sani ba.

Ki zaɓi abin da ba ya motsi: mahaɗar titi, gada, inda layin dogo ya ratsa hanya, kusurwar tsohon ginin makaranta. Banda itace, banda bakin rafi, banda kusurwar katanga, don katanga ita ce abu na farko da mai gida ke turawa gaba. Bayan nan ki rage duhun tsohon hoton zuwa rabi, na yau ya riƙa leƙowa ta ƙasa. Nan take za ki ga ɗakunan da aka ƙara, da filayen da aka cinye.

Hajiya Turai:
Safiyo, taswira ba ta tsufa ta mutu, mutane ne ke yi. 'Yata Nafisa, hoton Corona zai jira ki shekara goma. Dattijuwa mai shekara tamanin da biyar da ta tare ranar farko ba lallai ta jira ba. Ki rubuta sunayen mafiya shekaru yau, ki fara da su, ko da ba ki gama shiri ba.

Mutum ɗaya a zama ɗaya. Wannan kada ki yi sassauci a kai. Idan kika tara tsofaffi biyar, mai babbar murya ne zai yi magana, sauran su bi da "haka ne", kuma daga ranar nan labarinsa ya zama nasu. Taron a yi shi daga baya, bayan kowa ya faɗi nasa.

Zama kada ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gara a koma sau biyu, kuma zama na biyu yakan fi albarka, don kin tayar musu da tunani sun kwana da shi.

Tambaya irin "yaya unguwar take a da?" amsarta ɗaya ce a ko'ina: zaman lafiya, ba a kulle ƙofa, yara suna da ladabi. Ba za ki ƙaru da komai ba. Ki ce, ki fito da ni daga ƙofar gidanku zuwa makaranta, me ke hannun dama, wa ke zaune a nan, ina ake tsallake kwata. Ki ce, ranar da kuka tare, me ke cikin gidan, akwai ruwa a famfo, wa ya ba da makulli. Ki ce, ina aka hana ku zuwa, wa kuke tsoro. Ki miƙa farar takarda babba da fensir ki ce a zana miki unguwar, rakoda tana aiki. Inda mutum ya zana da girma, nan rayuwarsa take. Wanda ke da ƙarfin ƙafa ku zaga tare, yana nuni yana magana, amma ki riƙa faɗin inda kuke da baki, "yanzu muna gaban gida mai lamba kaza", in ba haka ba za ki dawo da kaset cike da "nan" da "can".

Idan mutum ya yi shiru, ki ƙyale shi. Kada ki cike masa gurbin.

Dakta Zainab:
Hajiya ta gama magana, sai dai in ƙara dalilin da ya sa shekaru ke rikicewa, don kada a zargi tsofaffi.

Abin da ya faru kafin mutum ya kai shekara uku zuwa uku da rabi, yawanci ba ya tuna shi. Idan wani ya ba ki labarin ranar tarewa dalla-dalla, lissafi kuma ya nuna yana da shekara biyu a lokacin, labarin mahaifiyarsa ne ya ji har ya zama nasa. Labarin yana da daraja, amma ki rubuta shi a matsayin ji, ba gani ba. Abin da ya fi zama daram a ƙwaƙwalwa shi ne na tsakanin shekara goma zuwa talatin. Saboda haka idan kina son shekarun farko na unguwa, ki nemi wanda ya tare yana saurayi ko amarya, ba wanda aka goyo ba.

Na biyu, abin da ya daɗe mutum yakan jawo shi kusa. Ya ce shekara ashirin, alhali ta kai talatin. Maganinsa kada ki tambayi shekara. Ki tambayi aji nawa yake, an haifi ƙanensa ko tukuna, kafin a canja kuɗi ne ko bayan nan, wane zaɓe ne ya gabata. Husufin rana ma ma'auni ne mai kyau, domin NASA tana da jadawalin kowane husufi da ranarsa da inda aka gan shi.

Na uku shi ne mafi haɗari: mai tambaya na iya dasa wa mutum tunani. A binciken da Elizabeth Loftus da Jacqueline Pickrell suka wallafa a 1995, an ba mutum 24 labaran yarintarsu, aka cusa ɗaya na ƙarya, cewa sun taɓa ɓata a babban kanti. Kusan ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna. Don haka kada ki ce "ai akwai rijiya a bayan makaranta ko?" Ki ce "me ke bayan makaranta?" Hotuna kuma a ajiye su sai ƙarshen zama, bayan mutum ya faɗi abin da ke kansa.

Girma da nisa kuwa, idon yaro ne ya auna su. Tudun da ake cewa dutse, ki je ki gani.

Usman:
To Dakta, in haka ne me ya rage? Shekara ba daidai ba, nisa ba daidai ba, wani ma ba shi ya gani ba. Ni da za a bi tawa, a tsaya kan takarda, hirar tsofaffi a sa ta a matsayin ado.

Hajiya Turai:
Ɗana Usman, takardar ma mutum ne ya rubuta ta, kuma yana da wanda yake son ya faranta wa. Rahoton da ya ce an kammala gidaje da ruwa da wuta, ɗan kwangila ne ke jiran a biya shi. Matar da ta yi shekara biyu tana ɗebo ruwa daga nesa ita za ta gaya maka yaushe famfon ya fara kawowa. Rajista ta ce mutum ɗaya aka ba gida, ba za ta ce maka mutum goma sha ɗaya ne ke kwana a ciki ba, ko cewa wanda aka ba bai taɓa shiga ba, haya ya bayar a ɓoye.

Dubi Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka, benaye 33 masu hawa 11, aka gama su tsakiyar shekarun 1950, aka fara rushe su a 1972. Shekara da shekaru hoton rushewar kawai duniya ta sani. Sai da aka zauna da waɗanda suka girma a ciki aka ji cewa wasunsu daga gidajen da babu ruwan famfo suka fito, kuma shekarun farko suna tuna su da daɗi, lalacewar ta zo ne da aka daina gyara.

Shekara da adadi a tambayi takarda. Yadda aka zauna a tambayi mutane. Inda suka saɓa a rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi.

Usman:
Na karɓi rabi, Hajiya. Amma masu zuwa su ba da labari ai waɗanda suka ji daɗin wurin ne.

Dakta Zainab:
Wannan kam gaskiyarka. Wanda aka kora saboda bashin haya ba ya shiga zauren tuna baya. Dole a fita neman su da gangan: waɗanda suka tashi da wuri, 'yan haya na ɗakunan baya, masu gadi, masu aikin gida, da iyalan da aka tasa daga filin kafin a gina. A ƙarshen kowace hira a tambaya, wa kika sani da bai ji daɗin zaman nan ba? A kuma ƙirga, in an yi hira goma, nawa ne mata, nawa ne daga kowane kashi na unguwar.

Bashir Mai Hoto:
Bari in shigo da nawa ɓangaren, don an sha yin hira mai kyau sauti ya kashe ta.

Waya tana isa idan an sa ta a yanayin jirgi, an kuma samu manhajar da ke ɗauka a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. A saita 48 kHz, 24 bit. Awa ɗaya a layin sauti ɗaya (mono) tana cin wajen megabait 520, a layi biyu (sitiriyo) ta haura gigabait ɗaya kaɗan, sai a duba wuri tun kafin a fita. Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi, a sa shi kamar taƙi ɗaya daga baki, kada mayafi ya riƙa gogarsa. A kashe fanka da talabijin, a nisanci firji. Kunne yana mantawa da ƙarar fanka, makirufo ba ya mantawa. A ɗauki minti ɗaya na gwaji a saurara da iyafis. Ma'aunin sauti ya riƙa kaiwa wajen -12, idan yana taɓa sifili muryar ta fashe kuma ba ta gyaruwa. A fara da faɗin rana da wuri da sunan mai magana. Rubuta hira kuma aiki ne, awa ɗaya takan ci awa shida zuwa takwas. Wanda ba shi da wannan lokacin ya yi jerin mintoci kawai: minti 12 maganar ruwa, minti 31 maganar makaranta.

Hotuna: sikanin a ɗigo 600 a kowane inci, a ajiye a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto. Hoto mai inci 4 da 6 zai ba da ɗigo 2,400 da 3,600, wajen megabait 26. A kashe duk wani gyaran launi na kai tsaye. A ɗauki bayan hoton ma, nan hatimin mai hoto da rubutun hannu suke, wani lokaci har wata da shekarar wanki. Idan an samu nagetif ya fi hoton kansa, a yi shi a 2,400 zuwa sama. Kada a yanke gefe. Mai hoton mutum ya nufa, amma mu abin da ke bayan mutumin muke so: akwai katanga ko babu, an kafa turakun wuta, itacen ƙofar gida ya kai ina, lambar motar da ke tsaye.

Hoton da ya manne a album mai gam kada a fizge shi, a zura zaren sakace ta ƙarƙashi a ja a hankali, in ya ƙi a yi sikanin shafin gaba ɗaya. Lamineshin kuma kashe hoto ne, zafi da gam ba sa komawa baya. Rubutu a baya da fensir mai laushi, ba biro ba.

Mai turo hoto ta WhatsApp a roƙe shi ya turo a matsayin fayil. In ya turo a matsayin hoto, manhajar ta matse shi, lambar motar nan ta zama dusa.

Safiyo Lawal:
Tunda Bashir ya kawo lambar mota, akwai shekarun da ke rubuce a jikin unguwar kanta. Farantin da ke jikin taransifoma, mitar wuta, tankin ruwa, murfin ramin kwata, da siminti inda magini ya rubuta rana da yatsa tun yana ɗanye. Amma a yi hattara. Shekarar jikin taransifoma ta ƙira ce, kuma ana cirowa daga wata unguwa a kawo. A murfin ƙarfe kuma za a ga an rubuta EN 124, wani lokaci da 1994 a gaba. Wannan lambar ƙa'idar ƙira ce da shekarar da aka fitar da ita, ba ranar da aka sa murfin ba. Abin da ta tabbatar kawai shi ne ba a ƙera shi kafin nan ba. Sai an samu abu uku ko huɗu sun nuna lokaci ɗaya ake yarda.

Malam Habibu:
Wani ramin kuma shi ne lambar gida. Gida ɗaya yana iya samun lambar fuloti ta safiyo, da lambar da hukumar gidaje ta ba shi, da lambar titi da aka sa daga baya, da wadda masu ƙidaya ko masu wuta suka rubuta da fenti. Tituna ma ana sauya musu suna idan gwamnati ta sauya. Idan ba a yi jadawalin da ke haɗa su ba, sai a ɗora labarin wani gida a kan maƙwabcinsa. Ki ba kowane gida lambarki ta kanki a kan taswirar da Safiyo ya koya miki, wadda ba za ta taɓa canzawa ba, sauran lambobin su zauna a gabanta, kowacce da shekarun da ta yi aiki. Duk abin da kika shigar ki rubuta inda ya fito: fayil kaza shafi kaza, ko hira da wance minti kaza. Bayan wata shida ba za ki tuna ba.

Hajiya Turai:
Sai amana. Kafin a kunna rakoda a gaya wa mutum inda maganarsa za ta je, ya amince da bakinsa a cikin rakodar ko ya sa hannu. A ba shi zaɓi: da sunansa, ko a sakaya, ko a rufe wani sashe sai bayan shekaru. Hirar unguwa ba ta rabuwa da maganar wane ya ci kuɗin ƙungiya, wance ta fita daga gidan miji saboda kaza. Waɗannan mutane suna da 'ya'ya da jikoki a raye. A bar shi a ajiya, kada a watsa. Takardar ba da gida ma in za a nuna ta a rufe suna da sa hannu. Hoton da aka ara a mayar da shi a ranar, in da hali a je da sikana gidan. Hoto ɗaya ya ɓata a hannunki, ƙofofin layin gaba ɗaya sun rufe.

Nafisa:
Allah ya saka da alheri, iyayena. Tambaya ta ƙarshe ga Yaya Bashir: wasu gidajen suna da tsofaffin kaset na biki da na taron unguwa. A kunna su a rediyon gida a ɗauka da waya?

Bashir Mai Hoto:
A'a ƙanwata, kada a fara da kaset mai muhimmanci. A gwada rediyon da wanda ba a damu da shi ba, don robar da ke jan zaren in ta tsufa tauna shi take yi. A ɓalle 'yan harsunan da ke saman kaset ɗin tukuna, yadda ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge ba. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, yakan faɗi, in babu shi sauti zai fito a dushe. A juya zaren da biro daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana kamawa. Mai fari-farin fumfuna a ware shi, kada ya shiga na'ura. Kaset mai C120, wato na minti 120, zarensa siriri ne ƙwarai, yana saurin tsinkewa. A goge kan na'urar da auduga da sipirit, a haɗa kebul daga mafitar sautinta zuwa kwamfuta, a ɗauka da manhajar Audacity a WAV, kowane gefe fayil ɗinsa, a kuma ɗauki hoton kwalin da rubutun da ke jiki. Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana, don su jeru da kansu. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiyar waje, ɗaya a wani gida daban ko a intanet. Na bidiyo kuma kada a taɓa su a gida in sun yi fumfuna, a kai wa mai na'urar da zai buɗe ya share kafin ya kunna.